Hoton Sarki a Fenti da Hoton Sarki a Waƙa: Hans Holbein da Makaɗan Fadar Yauri

1.0 Gabatarwa

Babu fadar da ba ta bukatar wanda zai nuna wa jama'a kamannin sarki. Talakan da ke nesa bai cika ganin sarki ido da ido ba, waɗanda za su zo bayan zamaninsa kuwa ba su da hanyar ganinsa ko kaɗan. Saboda haka kowace al'umma mai tsarin sarauta takan tanadi wani mai fasaha da za ta ɗora wa wannan nauyi. A ƙasashen Turai na ƙarni na 15 da na 16, wato lokacin da ake kira Zamanin Farfaɗowa saboda bunƙasar ilimi da fasaha da aka samu a cikinsa, mai zanen hoto ne ya riƙe aikin. A ƙasar Hausa kuwa, inda malaman Musulunci ba su ƙarfafa zana surar mai rai ba, gwanintar hannu ta karkata ga adon gini da ɗinkin riguna da ƙira da dukanci, aikin siffanta sarki ya faɗa hannun makaɗin fada.

Wannan babi zai kawo tarihin rayuwar Hans Holbein Ƙarami, mai zanen fadar Sarkin Ingila Henry na Takwas, sannan ya jera shi da makaɗin fada na ƙasar Hausa, tare da ɗaukar misali daga masarautar Yauri. Dalilin yin haka shi ne, malamin da ke koyar da waƙoƙin fada yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya ɗauki duk abin da makaɗi ya faɗa a matsayin tarihi tsantsa, ko kuwa ya watsar da shi baki ɗaya da sunan roƙo da zuga. Rayuwar Holbein, wadda takardun zamaninsa suka adana da yawa daga cikinta, tana nuna yadda hoton da aka yi a ƙarƙashin ubangida yake ɗauke da gaskiya da kuma bukatar ubangidan a lokaci guda.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana matsayin makaɗin fada a masarauta irin ta Yauri;
ii. kawo muhimman matakai na rayuwar Hans Holbein;
iii. fito da kamanci da bambanci tsakanin sana'o'in biyu;
iv. tsara tambayoyin da zai jagoranci 'yan aji da su wajen nazarin waƙar fada.

2.0 Fadar Yauri da Makaɗanta

Masarautar Yauri tana kudancin Jihar Kebbi a bakin kogin Kwara, ta kuma ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Fulani da sauransu. Tsohuwar hedikwatarta ita ce Birnin Yauri, wadda ke cikin ƙasar Ngaski. Bayan shekaru na rikicin gadon sarauta a ƙarni na 19, Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa a 1888. Ɗansa Jibrilu ya gaje shi a 1904, amma Turawan mulkin mallaka suka sauke shi a 1915, suka naɗa Aliyu, wanda ba ɗan gidan ba ne. A 1923 sarauta ta koma gidan Abarshi ta hannun Abdullahi ɗan Jibrilu, wanda ya yi mulki har 1955. Daga shi sai Muhammadu Tukur zuwa 1981, sai Shu'aibu Yakubu Abarshi zuwa 1999, shekarar da aka naɗa Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi.

Fada irin wannan, mai haɗa ƙabilu daban-daban a ƙarƙashin gida ɗaya, tana da bukata ta musamman ga makaɗi, domin shi ne yake maimaita wa jama'a asalin gidan da cancantar wanda ke kan karaga, cikin harshen da kowa ke ji a kasuwa. Daga cikin makaɗan da sunansu ya haɗu da fadar Yauri akwai Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni ta ƙasar Sakkwato, wanda ya yi waƙa a fadar Sarkin Kabi da ke Argungu kafin ya zauna a Yauri a tsakiyar ƙarni na 20. Bayan rasuwarsa ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya gaje shi, ya kuma yi suna a fadoji da dama na Arewa. Takwarorinsu a wasu wurare sun haɗa da Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Sa'idu Faru wanda ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, da Musa Ɗankwairo wanda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa.

Bisa ga al'ada, makaɗin fada yana da ubangida takamaimai. Sarki ne ke ɗauke da cinsa da suturarsa da muhallinsa, yakan kuma yi masa kyautar riga ko doki ko gona, a zamanin baya-bayan nan kuma mota ko kujerar Makka. Shi kuwa makaɗi, tare da 'yan amshinsa da masu kaɗa masa taushi ko kotso da kuma sanƙira, yakan fito ranar salla da ranar naɗi da lokacin da sarki ya yi baƙi ko ya fita rangadi. Abubuwa uku ne ke tafiyar da rayuwarsa: gado, da neman ubangida, da iya zama da ubangidan. Waɗannan ukun su ne za a sake gani a rayuwar Holbein, duk da nisan wuri da na zamani.

3.0 Rayuwar Hans Holbein Ƙarami

3.1 Gado da Koyon Sana'a

An haifi Hans Holbein wajen shekarar 1497 a birnin Augsburg na ƙasar Jamus. Gidansu gidan masu zane ne. Mahaifinsa, wanda ake kira Hans Holbein Babba, sanannen mai zanen majami'u ne, haka ma ƙanin mahaifinsa Sigmund da wansa Ambrosius. A wurin mahaifinsa ya koyi haɗa fenti da gyaran allon katako da zana fuska. Wajen 1515 shi da wansa suka koma Basel, birnin da ke ƙasar Suwizalan a yau, wanda a lokacin ya yi fice wajen buga littattafai. A 1516 ya zana magajin garin, Jakob Meyer, da matarsa. A 1519 ƙungiyar masu zane ta birnin ta karɓe shi a matsayin cikakken gwani, ya yi aure, ya kuma zama ɗan gari a 1520.

A Basel ya yi kowane irin aiki da ya samu: adon bangon gidaje, da zanen majami'u, da hotunan cikin littattafai. Aikin da ya buɗe masa hanya shi ne hotunan da ya yi wa shahararren masani Erasmus a 1523. Erasmus ya aika wa abokansa na wasu ƙasashe da hotunan, sunan mai zanen ya bi su.

3.2 Neman Ubangida

A waɗannan shekaru rikicin gyaran addinin Kirista ya kunno kai. Masu ra'ayin gyara sun ƙi yarda da ajiye hotuna da gumaka a majami'u, kasuwar masu zane ta faɗi a Basel. A 1526 Holbein ya bar iyalinsa ya nufi Ingila, da takardar gabatarwa daga Erasmus. Thomas More, masanin shari'a kuma babban bafaden sarki, shi ya karɓe shi. Ya zana More a 1527, ya zana iyalinsa da wasu abokansa, sannan ya koma Basel a 1528 da kuɗin da ya sayi gida. Watanni kaɗan bayan haka, a watan Fabrairu na 1529, jama'a suka afka wa majami'un birnin suka farfasa hotuna da gumaka. A 1532 ya sake komawa Landan.

Landan ɗin da ya tarar ta sauya. Sarki Henry na Takwas, wanda ya hau mulki a 1509, yana cikin jayayya da Fafaroma kan sakin matarsa ta fari. More ya ƙi goyon bayan sarki, ya ajiye muƙaminsa a 1532, aka kuma fille masa kai a 1535. Holbein ya rasa inuwarsa ta farko, sai ya juya ga fataken Jamus mazauna Landan, ya riƙa zana su cikin shagunansu da takardunsu da ma'aunansu. A 1533 ya yi hoton jakadun Faransa biyu, Jean de Dinteville da Georges de Selve, wanda a ƙasansa ya shimfiɗa ƙoƙon kan mutum a karkace, yadda ba a gane shi sai an dube shi ta gefe, domin tunatar da mai kallo cewa mutuwa na bayan kowane muƙami. A hankali ya shiga hannun sababbin masu faɗa a ji, wato Sarauniya Anne Boleyn da Thomas Cromwell, babban wazirin sarki, wanda yana cikin waɗanda suka kai More ƙasa. Zuwa 1536 ya zama mai zanen sarki, da albashin fam 30 a shekara. A shekarar ce kuma aka kashe Anne Boleyn.

3.3 A Fadar Henry na Takwas

Aikinsa mafi tasiri shi ne hoton da ya zana a bangon fadar Whitehall a 1537. A ciki ya tsayar da Henry a gaba, ƙafafu a ware, kafaɗu a buɗe, yana fuskantar mai kallo kai tsaye, cikin tufafi masu nauyi da zinariya da duwatsu masu daraja. Bai sa masa kambi a ka ko sandar mulki a hannu ba, tsayuwar kaɗai ta wadatar. A bayansa ya sa mahaifinsa Henry na Bakwai, a ɗaya gefen kuma mahaifiyarsa da matarsa ta uku, Jane Seymour, wadda ta haifa masa ɗa namiji a shekarar. Matansa biyu na farko ba su cikin hoton. Haka kuma babu alamar cewa sarkin ya kai shekara 46, ya faɗi daga kan doki a 1536, yana kuma fama da gyambo a ƙafa. Wuta ta cinye fadar a 1698, amma kwafin da wasu suka yi da wani ɓangare na zanen gwajin Holbein sun tsira. Har yau wannan tsayuwa ce ke zuwa zuciyar mutane in an ambaci Henry na Takwas.

Bayan rasuwar Jane Seymour, sai aka mayar da Holbein ɗan aiken neman aure. A watan Maris na 1538 aka tura shi Brussels ya zano Christina ta Denmark, wadda ta zauna masa na sa'a uku kacal. Sarki ya yaba da hoton, amma auren bai yiwu ba. A farkon 1539 ya miƙa wa sarki hoton ɗansa Edward a matsayin gaisuwar sabuwar shekara, aka saka masa da kofi mai ruwan zinariya. A wannan shekara aka sake tura shi Jamus ya zano Anne ta Cleves, wadda Cromwell ke son sarki ya aura domin ƙulla ƙawance da gidansu. Ya zana ta tana fuskantar gaba, hannuwa a haɗe, cikin ado mai yawa. Jakadan Ingila da ke wurin ya shaida cewa hoton ya yi kama da ita. Amma da amarya ta iso, sarki bai so ta ba. An ɗaura aure a watan Janairu na 1540, aka warware shi a watan Yuli, a cikin watan kuma aka fille wa Cromwell kai bisa tuhumar cin amana. Holbein bai rasa aikinsa ba.

3.4 Rasuwarsa

Holbein ya rasu a Landan a ƙarshen 1543, yana da kimanin shekara 46. Wasiyyarsa ta ambaci basussuka da yara biyu ƙanana da ya bari a Landan. Fiye da zane 80 na fuskokin fadawa da matan fada, waɗanda ya yi da alli mai launi kafin ya mayar da su fenti, suna ajiye a fadar Windsor. Ta hanyarsu ne aka san kamannin mutane da yawa na wancan zamani.

4.0 Kwatanta Sana'o'in Biyu

4.1 Inda Suka Yi Kama

Na farko shi ne gado da ƙaura. Kamar yadda Holbein ya tashi a gidan zane, ya bar Augsburg zuwa Basel, ya bar Basel zuwa Landan, haka Aliyu Ɗandawo ya taso daga Shuni zuwa Argungu zuwa Yauri, ya kuma bar wa ɗansa sana'ar. Mai fasahar fada yana bin inda ake da bukatar aikinsa da ikon biyansa.

Na biyu shi ne nasaba. Abin da Holbein ya yi a bangon Whitehall, na tsayar da uba a bayan ɗa, shi ne abin da makaɗi ke yi idan ya kira sarki ɗan wane jikan wane. Duka biyun hujja ce ta cancantar gado. Kuma duka biyun zaɓe suke yi. Holbein ya bar mata biyu a waje, makaɗi ma yakan ambaci kakannin da ke ƙara wa ubangidansa daraja, ya tsallake shekarun da gidan ba ya son tunawa.

Na uku shi ne kambamawa. Faɗin kafaɗun Henry daidai yake da kiran sarki giwa ko zaki ko bajimi, wato salon dabbantarwa, ko kiransa dutse ko damina, wato abuntarwa. Babu mai sauraren da ke zaton sarki giwa ne a zahiri, kamar yadda fadawan Henry suka san da gyambon da ke ƙafarsa. Abin da ake nunawa shi ne yadda ya kamata a ɗauki mai riƙe da sarautar. Duk da haka, ƙarin gishirin yana da iyaka. Da hoton bai yi kama da Henry ba da an yi masa dariya, haka nan makaɗin da ya yabi marowaci da kyauta yakan zama abin ba'a a gari. Gwani shi ne wanda ya gina yabonsa a kan halin da jama'a suka riga suka shaida.

Na huɗu shi ne haɗari. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Holbein ya ga an kashe uku daga cikin waɗanda suka tsaya masa, ya tsira domin ya riƙe sana'arsa, bai kuma nuna ɓangare a fili ba. Makaɗin fada bai cika samun wannan dama ba, domin bakinsa ya riga ya bayyana inda ya tsaya. Idan aka tuɓe ubangidansa ko ya rasu, sarauta ta faɗa hannun wanda ya taɓa yi wa zambo, sai dai ya nemi gafara ko ya nemi wata fada.

4.2 Inda Suka Bambanta

Hoton Holbein yabo ne kawai. Waƙar fada kuwa tana tafe da zambo da habaici ga 'yan'uwan sarki masu neman sarauta da sauran abokan hamayya, tana kuma iya ɗaukar gargaɗi ga sarkin kansa a cikin rigar yabo. Har wa yau, hoton yana rataye ne a ɗakin da manya kaɗai ke shiga, waƙa kuwa a filin salla ake rera ta, yara su kwashe gindinta su kai unguwa. Sannan hoto yana tsayawa yadda aka gama shi, amma makaɗi yakan ƙara ɗiya ko ya rage a duk lokacin da ya sake rera waƙa, gwargwadon waɗanda ke wurin da abin da ya faru. Saboda haka waƙa ɗaya tana iya samun siga uku ko huɗu, kowace da ranarta.

Bambanci na ƙarshe shi ne na adanawa. Allon katako yakan yi shekara 500, murya kuwa in ba a naɗe ta a faifai ko kaset ba, ko wani ya haddace ta, takan tafi da mai ita. Wannan batu yana da nauyi a ƙasar Yauri. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya shanye tsibirai da ƙauyuka da gonaki, aka sauya wa mutane fiye da 40,000 matsuguni a ƙasashen Borgu da Yauri. Duk waƙar da ta ambaci sunan wani gungu ko mashaya ko mai sarauta na kafin wannan shekara ta zama shaidar abin da ido ba zai sake gani ba.

5.0 Amfanin Darasin ga Malami

Malamin da zai gabatar da waƙar fada a aji zai amfana idan ya sa ɗalibai su yi mata tambayoyin da masana ke yi wa hotunan Holbein:

i. Wane ne ya yi ta, wa aka yi wa, kuma wa ya biya?
ii. A wane lokaci aka yi ta, me ke faruwa a fadar a lokacin?
iii. Waɗanne sunaye na mutane da wurare ta ambata, kuma ana iya tabbatar da su daga jerin sarakuna ko bakin dattawa?
iv. Waɗanne kalmomi ne na kambamawa, wane hali na gaskiya aka gina su a kai?
v. Wa aka yi wa zambo, wa aka yi shiru a kansa?

Misali, idan aka kawo waƙar da aka yi wa wani sarkin Yauri, ana iya rubuta jerin sarakunan masarautar daga 1888 a allo, ɗalibai su saurari waƙar su ja layi a ƙarƙashin duk sunan da aka ambata, sannan a tattauna dalilin ambaton wasu da barin wasu. Ya kamata malami ya kula da cewa a ajinsa ana iya samun jikokin wanda aka yaba da na wanda aka yi wa zambo, don haka ya tsayar da tattaunawar a kan salo da manufa, ya kauce wa ɗaukar ɓangare.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Holbein ya gaji zane, ya yi ƙaura don neman ubangida, ya kuma bar wa duniya fuskar Henry na Takwas yadda fada ta so a gan ta. An ga kuma cewa makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani sun bi hanya mai kama da wannan, da murya a madadin fenti. Aikin kowannensu shaida ce ta tarihi, amma shaida ce daga cikin gida. Wanda ya san wanda ya biya, da lokacin da aka yi aikin, da abin da aka bari a waje, zai iya fitar da gaskiya mai yawa daga cikinsa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Me ya sa aikin siffanta sarki ya faɗa hannun makaɗi a ƙasar Hausa?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa Holbein ya bar Basel zuwa Ingila.
3. Yi bayanin yadda hoton bangon Whitehall ya yi kama da ambaton nasaba a waƙar fada.
4. Fito da bambance-bambance uku tsakanin mai zanen fada da makaɗin fada.

Aikin Yi

Nemi waƙar fada guda ɗaya daga masarautarku, ka saurare ta, ka rubuta ta bisa ƙa'idojin rubutun Hausa, sannan ka amsa tambayoyi biyar na sashe na 5.0 a kanta cikin shafi biyu.